Addar da Ta Ce Ba Ta San Shi Ba

A wannan aiki nawa na binciken shari'a na ga abubuwa iri-iri, kuma da yawansu sun shige mini, sai wani ya tuna mini in ce au, ashe haka aka yi. Amma shari'ar wani mai keke napep ɗan unguwar Runjin Sambo a Sakkwato, wadda ita ce ta farko da aka ɗora ni a kai lokacin ina koyon aiki, ko na tsufa har na fara manta inda na ajiye carbina ba za ta fita daga raina ba. Ban taɓa ruɗewa irin ruɗewar da na yi a kanta ba. Abin haushin kuma, amsar da na yi ta yawon nema a cikin gidanmu take, ina kwana ina tashi da ita.

Na gama difloma a fannin shari'a ke nan, wani kawuna ya haɗa ni da wani lauya mai ofis a cikin gari, wanda yakan tsaya wa marasa ƙarfi. Mu dai Barista muke ce masa. Mutane da yawa sun ɗauka 'yan sanda kaɗai ke bincike, alhali lauya ma yana da nasa mai binciken, wanda zai je ya ga wuri da idonsa, ya ɗauko hoto, ya nemo shaidu, ya ji ta bakinsu tun kafin ranar kotu. Barista bai ɓoye mini dalilin ɗaukata ba. Ya ce mazan da ke ofishinsa iyakarsu zaure, ni kuwa har ƙuryar ɗaki zan iya shiga. Doka ɗaya ya kafa mini, kullum kuma sai ya maimaita ta: "Malama, abin da kunnenki yaj ji, shi za ki kawo man. Abin da zuciyarki tar raya maki, ki baro shi gida." Ni kuwa a lokacin ji nake babu wanda ya kai ni gane mutum. Ina ganin da na kalli idonka zan san ko ƙarya kake yi.

Wata safiya a tsakiyar damina wata tsohuwa ta shigo ofis tana dogara sanda, tana kuka. Kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya take ji. Ta ce an kama ɗanta. "Ɗana na, autana. Ko allura bai taɓa ɗaukar ma wani ba." Da muka bi diddigi, sai muka tarar an fasa wani shagon kayan masarufi ne a Mabera da rana tsaka, mai shagon ya tafi sallar azahar, aka loda kaya a keke aka gudu. Wani mai wucewa ya ce ya ga keken, ya ga rubutun da ke bayansa, daga baya kuma ya nuna ɗan tsohuwar nan ya ce shi ne direban. Beli ya gagara, domin an nemi ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa, su kuwa ba su da kowa. Yana gidan yari yana jiran shari'a, idan kuma laifin ya tabbata a kansa, shekaru zai yi a ciki.

Ni Barista ya tura in ji ta bakinsa. Na tarar da saurayi siriri, mai sanyin magana, wanda ko kallon fuskata ba ya iya yi. Ya ce, "Malama, ranan nan ni ko Mabera ban shiga ba. Ina Kwalkwalawa, gidan Addata. Ruwan da anka yi ya kada mata katangar ɗaki. Tun hantsi nika kwaɓa ƙasa har la'asar."

Adda dai yaya mace ke nan, haka ake cewa a gidaje da yawa a wajenmu. Na tambaye shi wa ya gan shi a can. Ya ce ita kaɗai ce a gida, sauran matan gidan da maƙwabta duk sun tafi bikin suna wani ƙauye. Na ce to ai shi ke nan, magana ta ƙare, Addarka za ta zo kotu ta faɗa. Sai ya sosa ƙeya, ya ce, "Babu wata hanya ban da wagga, Malama?" Na ɗauka irin nauyin nan ne na kada a wahalar da babba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan aikina ne.

Washegari na ci ado da sabuwar abaya da takalmi mai tsini, na hau keke sai Kwalkwalawa. Muka haye gada, gulbi ya cika ya batse, shinkafa ta yi kore shar a fadama, ɗaliban jami'a suna ta kai da kawo. Kafin in kai ƙofar gidan, taɓo ya gama da takalmin nan. Na yi sallama na shiga, na tarar da mata zazzaune a tsakar gida, wasu na tsince shinkafa, wata na dakan fura. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne katangar wani ɗaki, rabinta tsohuwar ƙasa, rabinta sabuwa, har da shatin yatsun wanda ya yi yaɓen. Zuciyata ta yi fari. Na ce a raina yau Barista zai san ya ɗauki ma'aikaciya.

Aka nuna mini Addar, ita ce mai dakan fura, wadda take sayar wa ɗalibai. Mace ce doguwa, ba tsohuwa ba, kamarsu ɗaya da mai keken har ya ɓaci. Muka gaisa, aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa. Na fito da waya na kunna rikoda kamar yadda aka koya mini, na gyara murya, na ambaci cikakken sunan mai keken a gaban kowa, na ce, "Adda, kin san shi?"

Wata yarinyar amarya ta toshe baki tana dariya ƙasa-ƙasa. Addar ta ajiye taɓarya, ta jawo gefen mayafinta ta rufe baki, ta kafa wa ƙasa ido.

Na sake tambaya. Can ta ce, da murya kamar ba tata ba, "Ni ban san kowa ba."

Na ce, "To wa ya gyara miki katangar nan?"

"Masu gyara."

"Su wane ne masu gyaran? Yana cikinsu?"

"Ni ba ni da ta cewa, Malama."

Na juya tambayar nan ta kowace fuska da na sani. Na yi lallashi, na yi bayani, har na ɗan ɗaga murya. Duk lokacin da na ambaci sunansa sai ta ƙara sunkuyar da kai. Wata dattijuwa daga gefe ta ce, ba da ni take ba amma don in ji, "Ɗiyan zamani dai ba su da ta ido." Na ɗauka ƙyamar ma'aikata ce irin ta mutanen ƙauye, suna zaton daga wajen 'yan sanda nake. Na yi musu rantsuwa cewa ni ta wajen lauyansa ce. Babu abin da ya sauya.

Na tashi zan tafi. Har na kai zaure sai na ji taku a bayana. Ita ce, ta biyo ni ita kaɗai, ta cusa mini wata leda a hannu, curin fura ne a ciki. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ki kai can inda kika zuwa, wataƙila akwai mai so. Ba a sa yaji da yawa ba." Kafin in buɗe baki ta koma ciki. Na tsaya riƙe da leda ina kallon ƙofa, na rasa ko godiya zan yi ko tambaya.

Barista ya saurari rikodar har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce idan muka kai wannan mata kotu ta faɗi haka, mun ɗaure yaron da hannunmu, domin wanda ya ce yana wuri kaza aka je aka ƙaryata shi, ya fi wanda ya yi shiru shiga uku. Zaman kotu ya matso. Ya ce in koma in gaya wa mai keken gaskiya, in kuma ƙarya ya yi mana, ya faɗa tun da wuri.

Na koma gidan yari da ledar furar, masu tsaro suka duba suka bari na shiga da ita. Na zauna na ɗaure fuska, na ce masa Addarsa ta ce ba ta san kowa ba. Ina jiran ya firgita, ko ya yi fushi, ko ya fara kame-kame. Sai na ga ya sunkuyar da kai, har da ɗan murmushi. Ya ce, "Haka za ta ce."

"To ƙarya ka yi mini ke nan?"

"A'a wallahi, Malama."

"Ita ce ta yi ƙarya?"

"Subhanallahi! A'a."

Na ce, "Bawan Allah, kai ka ce kana gidanta, ita ta ce ba ta san kowa ba, kuma duk cikinku babu maƙaryaci? Ni ce mahaukaciyar ke nan?" Na tura masa ledar. Ya buɗe, ya gutsiri kaɗan ya sa a baki, sai na ga hawaye na bin kumatunsa. Da ya share ido ya ce, "Don Allah ku bar ta. Kar a kai ta gaban mutane. In zaman gidan yarin na, ni zan yi."

Na fito kaina na juyawa. Babu irin tunanin da ban yi ba. Na ce ko rigimar gado ce a tsakaninsu. Na ce ko mijinta ne ya hana ta, sai na tuna an ce mini ya rasu tun tuni. Na ce ko ɓarayin ne suka yi mata barazana. Har na raya cewa wataƙila tare suka yi satar, kayan suna ɗakin nan mai sabuwar katanga. To amma matar da ba ta san mutum ba, ina ta san ba ya son yaji? Kuma wane mai gaskiya ne zai zaɓi zaman gidan yari a kan 'yar'uwarsa ta yi magana ta 'yan mintuna?

Na ce bari in je wurin tsohuwar, ai uwa ita ke tanƙwara 'ya'yanta. Na kutsa cikin lungunan Runjin Sambo, babura na ƙoƙarin kwashe mini ƙafa, na same ta a ɗaki tana jan carbi. Na kai bakina kusa da kunnenta na ce, "Inna, na je wurin Adda, ta ƙi magana! Ko sunansa ta ƙi kamawa!"

Wallahi sai na ga fuskar tsohuwar nan ta washe. Ta gyaɗa kai tana jin daɗi, ta ce, "To da mi za ta ce? Ai haka ad daidai. Ni nir rene ta, ba ta yi man abin kunya." Daga nan kuma ta fashe da kuka, tana tambayata yaushe za a sako mata autanta, ko yana samun abinci. Na zauna ina kallonta. Ga uwa tana kukan ɗanta na ɗaure, ga ta kuma tana alfahari da 'yar da ta ƙi ceto shi. A ranar na fara tunanin ko dai wannan aiki ba nawa ba ne, in koma in nemi koyarwa a firamare in huta.

Na koma gida Mabera bayan la'asar, raina a dagule. Na tarar babban yayanmu ya zo daga Birnin Kebbi inda yake aiki. Ina zaune a bakin ƙofar kicin ina cire takalmi ya shigo tsakar gida, ya durƙusa daga nesa ya gaida Mama. Mama ta jawo gefen mayafinta ta rufe baki, ta kafa wa ƙasa ido, ta amsa a taƙaice kamar da bango take magana. Da ya fita, sai ta tashi da sauri ta buɗe tukunya, ta tsamo duk manyan tsokokin da ke ciki ta zuba a kwano, ta miƙo mini ta ce, "Ungo, kai ma wancan. Ki ce mai shi ci da zahi."

Na karɓi kwanon, na yi taku biyu, na tsaya cak. Wancan. Tun da aka haife ni ban taɓa jin Mama ta kama sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a al'adarmu uwa tana jin kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da ciwo yake yi. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Jan mayafin nan da kallon ƙasar nan, su na gani a Kwalkwalawa. Abin da ya rufe mini ido shi ne an ce mini Adda, an kuma nuna mini wata an ce ita ce uwa, ni kuma na riƙe abin da kunnena ya ji.

Na kai wa Yaya namansa na dawo na zauna kusa da Mama. Na ce, "Mama, da a ce yau za a ɗaure Yaya, sai kin tsaya gaban mutane kin faɗi sunansa za a sake shi, za ki faɗa?"

Ta harare ni ta ce, "Ke wace irin magana ta wagga? Allah shi tsare." Ta ci gaba da kwashe tuwo. Na ɗauka ta bar zancen. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Sai an tabbatar man babu wani mai hwaɗi duk duniya sai ni."

Da sassafe na koma wurin tsohuwar Runjin Sambo, na yi mata tambayar da ya kamata a ce an yi tun ranar farko. Na ce, "Inna, wa ya haife shi?" Ta dube ni da mamaki ta ce, "Ai ɗan hwarin Addatai na. Da yaye niɗ ɗauko shi, yat tashi cikin ƙannenta, shina ce mata Adda kamar yadda suka cewa. Ke ba ki sani ba? Ai kowa ya sani." Ashe tsohuwar nan kakarsa ce. Kowa ya sani, shi ya sa babu wanda ya ga dalilin gaya mini. Shi ma mai keken irin kunyar ce ta hana shi cewa uwata.

Da na gaya wa Barista, sai ya ce, "Kin san ni ma ɗan hwari na? Har tsohuwata tar rasu ban ji sunana bakinta ba. Kuma na saurari rikodar ga, ban kawo haka ba." Ya ce amma fahimta ba ta fitar da mutum daga gidan yari, shaida ke fitar da shi. Kuma a kotu za a rantsar da ita, za a tambaye ta mene ne shi a wurinta, ba za mu bari ta ce ƙanenta ne ba alhali mun san ba haka ba ne.

Na koma Kwalkwalawa, wannan karon da silifas. Na daidaici lokacin da matan gidan suka tafi kai abinci gona. Waya na bar ta a jaka. Na same ta tana cura fura, na wanke hannu na zauna ina taya ta, duk da nawa curin ba ya kama kamanni. Ban ambaci sunansa ba. Na ce, "Adda, autan Inna ya ga saƙo, ya gode." Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Ya rame?" Na ce ya rame.

Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ba ni labarin ranar tiryan-tiryan, yadda ruwa ya kada katangar, yadda "wani" ya zo da hantsi ya ajiye kekensa a ƙofar gida, ya cire riga ya shiga kwaɓa, yadda ya yi sallar azahar nan gindin darbejiya saboda jikinsa duk laka, bai tafi ba sai da masu zuwa suna suka kusa dawowa. Ta faɗa mini sunan ɗan wane aka yi a ranar, wanda ya ba ni hanyar tabbatar da kwanan wata. Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba tuntuni? Ta ce ita a zatonta maganar irinta ba ta da amfani a wurin hukuma, ai kowa zai ce son kai ne. Tana ganin ga Inna, ga lauya, ga maza, su za su yi magana. Nata addu'a ce da fura.

Na ce, "Adda, babu wanda ya gan shi ranar nan sai ke. Inna ba ta nan, lauya ba ya nan. In ba ki faɗa ba, babu mai faɗa, kuma ɗaure shi za a yi." Na gaya mata abin da za a tambaye ta, ban rage komai ba. Ta ce, "Gaban maza? Da Inna zaune?" Na ce e. Ta ce, "Ba a iya rubutawa a kai masu?" Na ce sai da bakinta. Ta ci gaba da curin furarta, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Har na tashi ba ta ce za ta zo ba, ba ta kuma ce ba za ta zo ba.

Ranar zaman kotu na kasa karyawa. Mun samo uban jaririn da aka yi wa suna, mun samo wani maƙwabci da ya tuna ya ga keke a ƙofar gidan amma ba zai iya rantsuwa a kan ranar ba. Duk wannan ba ya tsayawa sai da ita. Aka shigo da mai keken, ya waiga ya duba benci-benci, da bai gan ta ba sai na ga kamar ya samu sauƙi. Ana gab da kiran shari'armu na hango ta a bakin ƙofa, ta lulluɓe har goshi, ƙafafunta duk taɓon hanya.

Aka rantsar da ita. Barista ya bi da ita a hankali, yana cewa "wanda ake tuhuma", ita kuma tana cewa "shi", ta ba da labarin katanga ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai mai gabatar da ƙara ya miƙe. Ya ce a takardun da ke gabansa an rubuta yayarsa ce, yana so ta faɗa wa kotu da bakinta, wane ne wannan mutum, mene ne sunansa, kuma mene ne shi a wurinta.

Ta jawo gefen mayafi ta rufe baki. Alƙali ya ce, cikin taushin murya, "Baiwar Allah, kin yi rantsuwa. Kotu na saurarenki." Mai keken ya ɗago daga inda yake tsaye ya ce, "Ranka shi daɗe, a bar ta," aka tsawata masa ya yi shiru. Ni dai na runtse ido ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Da na buɗe ido, na ga ta saki mayafin. Ta ɗaga kai ta dube shi, kallon da nake jin ba ta taɓa yi masa a gaban mutane ba tun yana cikin zane. Ta kira sunansa, cikakke, har da na mahaifinsa. Sannan ta ce, "Ɗana na. Ni nih haihe shi. Kuma ranan nan yana gidana."

Saurayin nan ya kifa kansa a kan katakon da ke gabansa ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Daga baya ya gaya mini ba tsoron ɗauri ya sa shi kuka ba, bai taɓa sanin yadda sunansa yake a bakinta ba sai ranar. Tsohuwar da ba ta ji abin da aka ce ba sai tambayata take, "Mi tac ce? Mi tac ce?" Barista ma na ga ya cire tabarau yana ta goge shi, alhali babu abin da ya same shi.

Mai gabatar da ƙara ya yi ƙoƙarin cewa uwa dole ta kare ɗanta, amma ya yi ta juya ta, maganarta ba ta motsa ba, ga kuma ranar suna ta dace da ranar da aka fasa shagon. Shi ma mai wucewan da aka matsa shi, ya yarda cewa rubutun bayan keken ya fi gani, ba fuskar direba ba, irin rubutun kuwa yana bayan kekuna da dama a garin nan. A zama na gaba kotu ta sallami mai keken.

A harabar kotu ya zo ya durƙusa daga nesa ya ce, "Adda, na gode." Na matso ina jiran in ga ta rungume shi. Ina! Ta jawo gefen mayafinta, ta juya masa ƙeya, ta dube ni ta ce, "Malama, ki ce ma wancan katangar baya ma ta tsage."

Yau shekaru ke nan ina wannan aiki, har ni ma ana turo mini masu koyo. Ina gaya musu dokar Barista, domin doka ce mai kyau, su kawo abin da kunnensu ya ji. Amma ina ƙara musu da abin da matar nan ta koya mini. Idan shaida ya yi maka shiru, kada ka yi saurin cewa ya ƙi magana ko yana ɓoye laifi. Ka fara sanin mene ne wanda kake tambaya a kai a wurinsa, kuma a gaban wa ka yi tambayar. Na kusa komawa ofis in ce wannan mata ba ta damu da shi ba, alhali duk Sakkwato babu wanda ya kai ta son yaron nan.